Wata huɗu ba ƙasa: yadda ake rayuwa a jirgi mai filafilai a hanyar komawa gida

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne, ban taɓa ganin teku ba sai a hoto. Kwanaki na ga hoton wani ƙaton jirgin ruwa na dā wanda ba shi da inji, iska ce kawai ke tura shi, an rubuta a ƙasa cewa yakan yi fiye da kwana ɗari daga Ostireliya zuwa Ingila bai tsaya ko'ina ba. Abin ya tsaya mini a rai. Me suke ci? Ina suke samun ruwan sha? Yaya suke barci? Kuma yaya mutum zai yi wata uku ko huɗu ba ya ganin komai sai ruwa, hankalinsa bai gushe ba? Tunda kun yi aikin jirgi, ku taimaka mini da bayani."

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka huɗu ce, amma idan aka matse ta guda ce: me ke riƙe jikin mutum da hankalinsa a tafiyar da ba zango? Kafin in shiga, ga iyakata. Jiragen da na yi shekaruna a cikinsu masu inji ne, na dakon kaya. Jirgi mai filafilai sau ɗaya na yi aiki a cikinsa, na horar da matasa, makonni kaɗan a Tekun Atlantika, kuma akwai inji a cikinsa na ko-ta-kwana, akwai rediyo, akwai firij. Saboda haka na ɗanɗana ne kawai, ban sha abin da mutanen dā suka sha ba. Sauran bayanin daga karatu ne, da zama da tsofaffin ma'aikatan jirgi, da kuma abin da na gani da idona a cikin ɗaya daga waɗannan jirage da aka ajiye don tarihi.

Bisa ga yadda ka kwatanta hoton, jirgin ɗaukar alkama ka gani. A kansu zan yi magana, domin su ne na ƙarshe da suka yi irin wannan doguwar tafiya da iska zalla, kuma labarinsu ya fi na kowa fitowa fili.

Jiragen alkama da mutanen cikinsu

Tun da aka buɗe mashigin Suez a 1869 jirage masu inji suka fara ƙwace kasuwa, mashigin Panama ya zo a 1914 ya ƙara rage hanya. Abin da ya rage wa masu filafilai shi ne kaya masu nauyi, masu araha, waɗanda ba a gaggawar isarsu. Alkamar Kudancin Ostireliya tana cikinsu. Wani attajiri mai suna Gustaf Erikson, mutumin garin Mariehamn a tsibiran Åland na ƙasar Finland, ya yi ta sayen tsofaffin jiragen da wasu suka gaji da su a farashin ƙarfen gwangwani, ya tara su: Herzogin Cecilie, Pommern, Pamir, Passat, Moshulu, Lawhill, Viking da sauransu. Daga shekarun 1920 zuwa 1939, kowace shekara sukan taso daga Turai cikinsu ba kaya sai yashi da duwatsu don jirgi ya zauna daidai a ruwa, su zagaya ƙarshen Afirka, su isa ƙananan tashoshi irin su Port Victoria, Port Germein, Port Lincoln da Wallaroo daidai lokacin girbi.

A Port Victoria babban jirgi ba ya iya matsowa bakin gaɓa. Sai ya jefa anka can nesa, ƙananan jirage su riƙa kawo masa buhuna, ana jerawa ɗaya bayan ɗaya, makonni ana abu guda. Moshulu a 1939 ya ɗauki tan 4,875, buhu wajen dubu 59. Ka kwatanta wannan da tirelar da kake gani an loda mata buhunan hatsi, za ka gane girman abin.

Jirgin kansa na ƙarfe ne, tsawonsa kusan mita ɗari ko fiye. Ginshiƙai huɗu ne a tsaye a kansa, mafi tsayi ya haura mita hamsin. A jikin ginshiƙan an gilma manyan sandunan ƙarfe kamar azara, a jikinsu ake ɗaura filafilai, wato manyan ƙyallayen tamfol masu kauri da iska ke cikawa, sun kai wajen talatin. Duk wannan ɗawainiya mutum ashirin da 'yan kai zuwa talatin ne ke yinta: kyaftin, mataimakansa, kuku da mai kula da sito, kafinta, mai ɗinkin filafilai, sai ma'aikata. Kuma yawancin ma'aikatan yara ne samari, 'yan shekara sha shida zuwa ashirin da kaɗan. Dalili kuwa, a ƙasashe irin su Finland da Jamus a lokacin ba a ba mutum takardar zama hafsan jirgi sai ya yi aiki a jirgi mai filafilai. Don haka samari suka yarda da ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba, wasu baƙin ma su ne ke biya a ɗauke su. Da wannan arahar Erikson ya ci riba a sana'ar da kowa ya ce ta mutu.

Barci

Bari in fara da barci, ba da abinci ba, don shi ne ya fi cin mutum. Masu kallon hoto suna zaton guguwa ce babbar wahala. Guguwa takan zo ta wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne ba ka taɓa ƙoshi da barci ba, kuma ba ka taɓa bushewa ba.

Ana raba ma'aikata gida biyu, 'yan ɓangaren dama da 'yan ɓangaren hagu, suna karɓa-karɓa dare da rana. A jiragen Ingila awa huɗu aiki, awa huɗu hutu. A jiragen Finland kwana guda kashi biyar ne: daga sha biyun dare zuwa huɗu, huɗu zuwa takwas, takwas zuwa ɗaya na rana, ɗaya zuwa bakwai na yamma, bakwai zuwa sha biyun dare. Da yake biyar ba ta rabuwa biyu daidai, wanda ya yi awa goma sha huɗu yau zai yi goma gobe, wanda ya kwana a tsaye tsakar daren yau gobe shi ne a kwance. Ka lura, babu daren da mutum zai samu barcin awa biyar cikakku a jere. A cikin hutun nan ne zai ci abinci, ya ɗinke rigarsa, ya wanke abin da zai wanke.

Hutun ma ba tabbas. Mataimakin kyaftin yana da usur a wuya. Ya busa biyu, masu duti yake kira. Ya busa uku, kowa da kowa ke nan, har wanda bai fi minti goma da kwanciya ba. Iska ba ta san wane ne ya gaji ba, idan ta ƙaru dole a rage filafilai nan take, in ba haka ba ta yayyaga su ko ta karya ginshiƙi.

Na shiga ɗakin kwanan ma'aikata a jirgin Pommern, wanda aka ƙera a Glasgow a 1903, yanzu yana ajiye a Mariehamn mutane na zuwa kallo. Gadaje ne na katako hawa biyu a jikin bango, kowanne kamar akwati, an sa masa allo a gefe don kada jirgi ya karkata ya zubar da mai barci. Tebur guda a tsakiya, benci, fitilar kananzir. Na tsaya ina duban gadon nan ina lissafi: faɗinsa bai wuce mutum ya kwanta ya ɗan juya ba, kuma shi ne kaɗai wurin da saurayi zai ce nasa ne a duniya har wata huɗu. Nan yake liƙa hoton mahaifiyarsa, nan yake ɓoye tabarsa. A yankin sanyi bangon ƙarfe yakan yi gumi ya ɗiga a kan bargo. A yankin zafi kuɗin cizo su fito.

Hanyar Cape Horn

Jiragen suna tasowa ne daga Ostireliya tsakanin Fabrairu da Afrilu galibi. Ba sa komawa ta hanyar da suka zo. Gabas suke yi, su gangara kudu sosai, su ratsa Tekun Pasifik, su zagaya ƙarshen Kudancin Amurka ta Cape Horn, sannan su hau Atlantika. Tafiyar mil dubu goma sha biyar ce ta teku, ko kusa da haka. Dalilin zaɓen wannan hanya iska ce. Daga digiri 40 zuwa 60 kudu da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, iskar yamma ke kaɗawa kusan duk shekara, ba wata babbar ƙasa da za ta tare ta, saboda haka tana tura jirgi daga baya. A ranar sa'a jirgi yakan ci mil ɗari uku. A hanyar ne kuma suke tsallake layin canjin kwanan wata, sai su maimaita rana guda, a yi Talata biyu a mako ɗaya, kuma duka biyun ranakun aiki ne.

Amma iskar da ke ba da gudu ita ke tara igiyar ruwa kamar tsaunuka. Jirgin da aka cika da alkama ya nutse sosai, tsakanin daɓensa da ruwa tazarar kaɗan ce. Saboda haka teku na hawa jirgi ta gefe, ta cika daɓen har ƙugu ko fiye, ta fita ta ƙofofin da aka yi mata, wata ta sake shigowa. Akan ɗaura igiyoyi daga wannan kai zuwa wancan don riƙewa, a kafa raga a gefe don tare wanda ruwa ya ɗauka. Mai ɗauko abinci daga wurin kuku sai ya tsaya ya karanci ruwa kafin ya ruga, wani lokaci ya iso da tukunya rabinta ruwan gishiri. Cape Horn yana wajen digiri 56 kudu, tsakaninsa da tsibiran Antatika kimanin kilomita 800 ne, duk ruwan nan da iskar nan ta wannan ƙofa suke matsewa su wuce. Ga ƙanƙara na zuba, ga duwatsun ƙanƙara da ke yawo a teku waɗanda dole mai gadi ya hango su cikin duhu.

Yanzu ka ɗauka usur uku ya tashe ka ƙarfe biyun dare. Rigar ruwanka ba ta bushe ba tun makon jiya, haka za ka zura ta. Ka hau tsanin igiya zuwa sama, ka bi sandar da ke gilme, ƙafafunka a kan igiyar waya guda da ke lilo a ƙarƙashinta, cikinka a jingine da sandar, hannu biyu suna kokawa da tamfol da ya jiƙe ya sandare kamar fatar da ta bushe. Wannan kaɗai na ɗanɗana da kaina, a iskar da ba ta kai rabin tasu ba, kuma ni da igiyar tsaro a ƙuguna, su ba su da ita. Abin da na riƙe shi ne tamfol ba ya kamuwa. Ka damƙo shi, iska ta fizge, farcenka ya tafi tare da shi. Sai mun jeru mu shida, wani ya ba da murya, mu jawo gaba ɗaya, mu danne da ciki, mu sake miƙa hannu. Da na sauko na ga jini a rigata, ban san lokacin da yatsuna suka tsage ba saboda sanyi ya kashe su. Ciwon sai da na riƙe kofin shayi mai zafi ya zo.

Su kuwa makonni suke yi a haka. Tsagar yatsa ba ta warkewa domin kullum tana cikin ruwan gishiri. Inda bakin rigar ruwa ke gogar wuyan hannu da wuya marurai ke fitowa. Likita babu. Kyaftin ne likita, da akwatin magani da littafi, shi ke ɗaurin karaya, shi ke cire haƙori. Wanda ya faɗo daga sama ko ruwa ya share shi zuwa teku, a irin wannan wuri da wuya a same shi, domin juya jirgi mai gudu cikin wannan igiyar ruwa na iya halaka kowa, kuma sanyin ruwan ba ya barin mutum ya daɗe. Wani lokaci jirgin ne dungurungum ke tafiya. A 1938 jirgin Jamus mai suna Admiral Karpfanger ya taso daga Port Germein da alkama zai tafi Hamburg da mutum sittin, yawancinsu ɗalibai, ya ɓace a wajen Cape Horn, ba wanda ya tsira.

Ci da sha

Firij babu, don haka abinci sai wanda zai jure. Naman shanu da na alade da aka jiƙa a gishiri cikin ganga, busasshen kifi, wake, dankalin turawa har zuwa lokacin da zai tsiro ko ya ruɓe, garin fulawa, busasshen biskit mai tauri, man shafa a burodi, sukari da gahawa. Naman gishirin sai an jiƙa shi ya kwana kafin ya ciwu. Sukan tafi da aladu masu rai da kaji a keji, a yanka alade idan an shiga yankin sanyi inda nama zai ɗan daɗe, ranar nan kamar ranar biki ce a wurinsu. Abincin ba daɗi, kuma kullum kusan iri ɗaya, amma a jirgin da aka shirya da kyau yana isa. Inda ake shiga uku shi ne idan tafiya ta zarce lissafi. Jirgin Grace Harwar a 1929 ya yi kwana 138 daga Wallaroo zuwa tashar Queenstown ta ƙasar Ireland, guzuri ya yi musu ƙaranci har sai da suka nemi taimakon abinci daga wani jirgi mai inji da suka haɗu da shi.

Akwai cutar da ta kashe ma'aikatan jirgi a ƙarnonin baya fiye da yadda guguwa ta kashe. Idan mutum ya yi wata ɗaya zuwa uku ba ɗanyen ganye ba 'ya'yan itace, jikinsa ya rasa bitamin C, sai dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon miki ya buɗe, ƙarfi ya ƙare. Wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya gwada a 1747 ya ga lemo na warkar da ita, sojan ruwansu suka fara raba ruwan lemon tsami a 1795, daga baya doka ta wajabta shi a jiragen kasuwancinsu. Kafin zamanin jiragen alkama an san maganin, cutar ta ragu ƙwarai, sai dai takan leƙo idan tafiya ta yi tsawo.

Ruwan sha a tankunan ƙarfe yake, a kulle, ana auna wa kowa nasa a rana, 'yan litoci kaɗan, kuma daga ciki ake cire na girki. Wanka da ruwan daɗi ba ya cikin lissafi. Sabulu kuma ba ya kumfa a ruwan teku, tufafin da aka wanke da shi ba ya bushewa sarai, gishirin na jawo laima. Saboda haka ruwan sama dukiya ne. Idan aka iso yankin da ake sheƙa shi, sai a toshe ƙofofin da ruwa ke fita daga daɓe, a shimfiɗa tamfol, a tara a bokiti a cika tanki, sannan kowa ya fito da sabulunsa da tsummokaransa.

A nan zan ɗan ratse, domin na san za ka so ji. Wannan matsalar ta ƙarancin ruwa a teku an kai ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, daga Abu Huraira, wani mutum ya ce suna hawa teku da ruwa kaɗan, idan suka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, ko za su yi alwala da ruwan teku? Aka amsa masa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Ma'aikatan jiragen alkama Turawa ne, amma Musulmi daga Indiya da Yaman da Somaliya sun daɗe suna aiki a jiragen Birtaniya, kuma kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa da yawansu a jirage masu filafilai suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Ni kaina na yi alwala da ruwan da na ɗebo da guga daga teku, na duba kamfas na fuskanci alƙibla, ranar da jirgi ya hana tsayuwa na yi sallata a zaune.

Abin da ke riƙe hankali

Yanzu ga ainihin tambayarka. Amsata, wadda na gamsu da ita bayan shekaru a ruwa, ita ce aiki da tsari. Ba a barin mutum ya zauna ya ƙirga kwanaki. Ana buga ƙararrawa kowane rabin awa, ɗaya, biyu, har takwas, sannan a koma farko. Rayuwarka ta zama guntu-guntu: awa guda a sitiyari, awa guda a gadin gaba, gahawa, ja igiya, kwanciya. Ba wata huɗu kake fuskanta ba, ƙararrawa ta gaba kake jira. Wanda ya fara lissafin kwanakin da suka rage tun daga makon farko, shi ne wanda na ga yana rama.

Sannan tekun ba iri ɗaya ba ne kamar yadda kake zato. Bayan an wuce Cape Horn an juya arewa, an bar tsibiran Falkland a baya, kullum rana na ƙara ɗumi. Rana ta farko da aka shanya barguna da katifu a kan igiya, ka ga fuskoki sun sake. Sai a shiga yankin iska mai tsari, wadda ke kaɗawa daga kudu maso gabas ba ƙari ba ragi, jirgi ya yi kwanaki ba a taɓa igiya ba sosai. Nan ne daɗin tafiyar yake. Kifi mai fiffike na faɗowa cikin jirgi da dare a soya shi da safe, ana kama manyan kifaye daga goshin jirgi, mai molo ko mai kiɗan akodiyon ya fito da kayansa da yamma, wasu na sassaƙa ɗan ƙaramin jirgi su tura cikin kwalba. Amma hafsoshi ba sa barin hannu ya huta. A sauke sababbin filafilai masu ƙarfi a ɗaura tsofaffi masu faci, don kada rana da gogayya su cinye masu tsada. A ba kowa guduma ya yi ta kankare tsatsa, a shafa jan fenti, a shafa kwalta a wayoyi, a goge katako da yashi. Samari na tsine wa wannan aiki, amma kyaftin yana da dalili biyu: jirgi ya isa gida yana ƙyalli, kuma yaran da suka gaji ba sa faɗa.

Inda hankali ya fi gwaduwa, a ganina, ba Cape Horn ba ne. Wajen layin ikwaita ne, inda iska ke mutuwa. A Cape Horn tsoro da aiki sun cika zuciya, ba wurin tunani. A nan kuwa jirgi na tsaye cik, filafilai na bugun ginshiƙi kamar ana kakkaɓe tabarma, kwalta na narkewa a tsakanin katako, gwangwanin da aka jefar jiya yana nan yana yawo a gefen jirgi yau. Da ɗan iska ya huro daga dama a juya sanduna duka, kafin a gama ya koma hagu, a sake juyawa, sau goma sha a dare guda, kuma ba a ci mil goma ba. Mako guda, wani lokaci biyu ko fiye. Nan ne ƙaramar magana ke zama dambe, a kan cokali ko a kan wanda ya taɓa tabar wani. Ba mamaki da a daidai nan ne suke yin wasan tsallake layi, inda wani tsoho zai yi shigar sarkin teku, a kama waɗanda ba su taɓa tsallakewa ba a shafe su da kwalta, a yi musu askin wasa, a tsoma su a ruwa. Wasa ne mai zafi, ban yaba da duk abin da ake yi a cikinsa ba, amma yana fitar da abin da ya taru a zuciya. Sukan kuma kama kifin shak su kafa wutsiyarsa a goshin jirgi wai don ta jawo iska. Camfi ne, sai dai yana nuna maka irin matsuwar da suke ciki.

Kuma kada in ɓoye maka, ba kowa ke jurewa ba. Akwai waɗanda suka daina magana, akwai waɗanda hankalinsu ya taɓu. Yawancin jiragen nan ba su da na'urar aika saƙo, saboda haka daga ranar da suka ɗaga anka ba su san abin da ke faruwa a gida ba, na gida ma ba su san ko suna raye ba. Inda suke a teku ma kyaftin da mataimakansa ne kaɗai suka sani, daga auna tsayin rana da tsakar rana da na'urar sekstan da kuma agogo na musamman da ke riƙe lokacin Greenwich. Idan hadari ya rufe rana kwanaki, sai lissafin gudu da kamfas. Ma'aikaci kuwa sai dai ya tambayi wanda ya fito daga sitiyari, ko ya ji ƙishin-ƙishin daga wajen kuku.

Ƙarshen tafiya

Daga ikwaita sai iskar arewa maso gabas ta ɗauke su, su bi ta yankin Sargasso mai ciyayi a kan ruwa, su wuce yamma da tsibiran Azores, su samu iskar yamma ta kai su bakin Turai. Mafi sauri a tarihin wannan fatauci shi ne jirgin Parma, kwana 83 daga Port Victoria zuwa tashar Falmouth ta Ingila a 1933. Moshulu ya yi 91 a 1939. Wanda ya yi ƙasa da ɗari ya yi abin yabo, da yawa sukan kai 110 ko 120.

Kwanakin ƙarshe wani irin zazzaɓi ke kama jirgi. Barci ya ƙi zuwa ko ga mai hutu, ana ta aski, ana fito da rigar da ke ƙasan akwati ana kakkaɓe fumfuna. Launin ruwa ya sauya daga shuɗi zuwa kore, tsuntsayen gaɓa su bayyana. Kuma ana jin ƙanshin ƙasa kafin a gan ta. Wannan gaskiya ne, na ji shi ba sau ɗaya ba: hancin da ya yi makonni ba ya shaƙar komai sai gishiri da fenti, dare ɗaya iska ta kawo masa ƙanshin ciyawa da hayaƙin itace, kamar ƙanshin ƙasa ranar ruwan farko. Na ga ƙaton mutum ya tsaya a bakin jirgi yana share ido.

Haɗari ma bai ƙare ba don an ga ƙasa. Herzogin Cecilie ya iso Falmouth a 1936 cikin kwana 86, ya tashi zai ƙarasa inda za a sauke kaya, ya hau duwatsu cikin hazo a gaɓar Devon, nan ya ƙare.

Kuma Falmouth ko Queenstown ba gida ba ne. Wurin karɓar umarni ne kawai, domin alkamar ana iya sayar da ita ta canja hannu tun tana tsakiyar teku, sai an iso a ji tashar da za a kai ta, ko London, ko Liverpool, ko Glasgow, ko wata. A nan ake kawo wasiƙun da suka taru, da ɗanyen nama da kayan lambu. Saurayi ya buɗe wasiƙa ya tarar da labarin haihuwa ko na rasuwa da ya kwana wata biyar. Ya sauka ƙasa ya ji tana lilo a ƙarƙashinsa, yana tafiya ƙafa a buɗe kamar mai jiri har kwana biyu. Bayan an sauke buhuna, jirgi ya sake ɗaukar yashi ya nufi Mariehamn, a can ne 'yan Åland ke ganin iyayensu, kafin kaka ta yi a sake ɗaga anka zuwa Ostireliya.

Yaƙin duniya na biyu ya cinye da dama daga jiragen. Erikson ya rasu a 1947. A 1949 Pamir da Passat suka ɗauki hatsi daga Port Victoria karo na ƙarshe, kuma Pamir ne jirgin kasuwanci mai filafilai zalla na ƙarshe da ya zagaya Cape Horn da kaya, a watan Yuli na shekarar. Daga baya aka sa masa inji aka mai da shi na horar da ɗalibai a Jamus. Ranar 21 ga Satumba 1957, yana hanyar komawa Hamburg daga Buenos Aires, guguwa ta same shi a tsakiyar Atlantika. Sha'ir ya ɗauko, yawancinsa a zube ba a buhu ba, jirgi ya karkata, hatsin ya gangara gefe guda, bai sake miƙewa ba. Mutum 86 ne a ciki, shida suka tsira. Passat yana nan a ajiye a Travemünde ta Jamus, Pommern a Mariehamn, Viking a Gothenburg ta Suwidin, Moshulu kuma a Philadelphia ta Amurka, an mai da shi gidan cin abinci.